Tsamiya da Kanwa: Kimiyyar da Ke Cikin Tukunya da Fadama

Duk macen da ta taɓa yin waina ta san wannan. Ƙullu ya kwana, ya yi tsami. Sai ta jiƙa kanwa, ta tsiyayi ruwanta kaɗan a ciki. Ƙullun ya taso da 'yar kumfa, tsamin ya kwanta. Mai miyar yakuwa ma haka take yi. Mai dafa wake kuwa takan jefa kanwa don ya yi saurin nuna.

Manomin rani a fadamun Auyo da Haɗeja shi ma yana da nasa labarin. Wani lokaci yakan tarar da fari-fari ya fito a bisa ƙasa, kamar an barbaɗa gari. A wurin nan shuka ba ta yin kirki. Ya ƙara taki, amma banza. Kuɗi sun tafi, amfani bai zo ba.

Abin da ya faru a tukunya da abin da ya faru a gona maganarsu ɗaya ce. Ita ce kimiyyar sinadarai da yara ke koya a makarantar sakandare. Wanda ya fahimce ta zai tsimi kuɗin takinsa, ya kuma tsare lafiyar iyalinsa.

Baƙaƙen da aka rubuta duniya da su

Mai karatu ya san baƙaƙen boko ba su da yawa. Amma da su ake rubuta dubban kalmomi. A ɗauki g da a da r da i. Da waɗannan huɗu za a rubuta gari, a rubuta riga, a rubuta gira, a rubuta ragi.

Haka abubuwan duniya suke. Ruwa da ƙasa da iska da jikin mutum, duk an gina su da waɗansu sinadarai 'yan kaɗan. Ana kiran kowane ɗayansu sinadari tilo, domin shi kaɗai ne, ba a haɗa shi da kome ba. Ko an daka shi, ko an narka shi, ba zai rabu ya zama wani abu dabam ba. Ɗan ƙanƙanin yankinsa da ido ba ya gani shi ne ƙwayar zarra.

Masana sun san sinadari tilo guda 118. Wajen 90 daga ciki ana samunsu a ƙasa da ruwa da iska. Sauran a ɗakin bincike aka ƙirƙiro su. A shekarar 1869 wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Mendeleev ya jera waɗanda aka sani a zamaninsa cikin jadawali, dangi-dangi. Irin wannan jadawali ne ake liƙawa a bangon aji har yau.

Waɗansunsu kowa ya san su. Akwai ƙarfe, da zinariya, da azurfa, da jan ƙarfe, da dalma, da farar wuta. Gawayi kusan dukansa sinadarin kabon ne. Waɗansu kuma iska ne, ba a ganinsu. A cikin iskar da ake shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ne, kashi 21 kuma oksijin. Oksijin ne ke riƙe da numfashi, shi ne kuma ke sa wuta ta ci.

Kowane sinadari tilo yana da alamarsa ta baƙi ɗaya ko biyu. O ita ce oksijin, H haidirojin, C kabon, N naitirojin. Waɗannan alamu iri ɗaya ne a ko'ina cikin duniya.

Haɗaɗɗen sinadari da cakuda

Idan sinadari tilo biyu ko fiye suka ƙulle da juna, sai a sami haɗaɗɗen sinadari. Shi sabon abu ne, halinsa ba irin na iyayensa ba ne.

Ruwa shi ne babban misali. Ƙwayar zarra biyu ta haidirojin ce ta kama ɗaya ta oksijin. Shi ya sa ake rubuta shi H2O. Haidirojin iska ne mai kamawa da wuta. Oksijin mai hura wuta ne. Amma da suka haɗu sai suka haifi abin da ke kashe gobara.

Gishirin miya ya fi wannan ban mamaki. Sodiyam wani ƙarfe ne mai laushi, in ya taɓa ruwa sai ya yi ta tafasa, har ya kama da wuta. Kulorin iska ce mai guba. Haɗuwarsu ce ta ba da gishirin da ake sa wa miya, ake kuma shafa wa kifi don kada ya lalace.

Tsatsa ma haɗaɗɗen sinadari ce. Fartanyar da ta kwana cikin raɓa, ƙarfenta ne ya ƙulle da oksijin. Jan abin nan da ya fito ba ƙarfe ba ne kuma, shi ya sa yake marmashewa.

Cakuda kuwa dabam take. Idan shinkafa ta gauraya da tsakuwa, kowace tana nan da halinta, ana iya tsince su. Ruwan gishiri cakuda ne: a shanya shi a rana, ruwan ya tafi, gishirin ya zauna. Kanwar kasuwa ita ma cakuda ce. Gundarinta haɗin sodiyam ne da kabon da oksijin da haidirojin, amma tana tare da yashi da laka da gishiri. Shi ya sa ake jiƙa ta a tsiyaye ruwan, a bar dauɗar a ƙasa. Tun zamanin ayari fatake ke kawo ta daga ƙasar Manga da yankin Tafkin Chadi, inda rana ke ƙafar da ruwan tafkuna ta bar ta a fili.

Gida biyu masu gaba da juna

A cikin haɗaɗɗun sinadarai akwai manyan gidaje biyu. Gida na farko shi ne dangin tsami, wato asid. Tsamiya tana da nata, lemon tsami yana da nasa, nono mai tsami da yakuwa da zoɓo duk suna da nasu. Waɗannan masu sauƙi ne, ana ci ana sha. A cikin tumbin mutum ma akwai asid mai taimakon narkar da abinci. Akwai kuma masu zafin gaske, kamar ruwan batirin mota. Shi wannan yana cin tufa, yana ƙona fata, yana makantar da ido. Abin da ya haɗa dangin tsami duka shi ne, in sun shiga ruwa sukan saki haidirojin ɗin da ke jikinsu.

Gida na biyu shi ne dangin kanwa. A makaranta ana ce musu bes, masu narkewa a ruwa daga cikinsu kuma alkali. A lura da rubutun: alkali da k, ba alƙalin kotu mai ƙ ba. Kalmar daga Larabci ta fito, ma'anarta tokar tsirrai. 'Yan wannan gida su ne kanwa, da ruwan toka, da farar ƙasa, da sabulu, da soda mai zafi ta masu yin sabulu. Alamarsu ita ce bauri a baki da santsi a hannu. Masu rini suna amfani da toka a marina. Majema suna amfani da ita wajen cire gashin fata. Sabulun salo da toka da mai ake yinsa. Soda kuwa ita ce mai zafin wannan gida, ɓarnarta a jiki ba ta gaza ta ruwan batir ba.

Idan ɗan gidan tsami ya gamu da ɗan gidan kanwa, sai su kashe ƙarfin juna. Abin da ke saura shi ne ruwa da wani nau'in gishiri. Idan kanwa ce aka zuba, har da iskar kabon dayoksaid, wadda ke fita da kumfa. Ita ce kumfar da mai waina ke gani a ƙullunta.

Ma'aunin tsami

A shekarar 1909 wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Sorensen ya fito da ma'aunin da ake kira pH. Lambobinsa sun tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, ba tsami ba kanwa, kamar ruwa tsantsa. Duk abin da ke ƙasa da 7 dangin tsami ne. Duk abin da ya haura 7 dangin kanwa ne.

Ruwan batir yana wajen 1 ko ƙasa da haka. Lemon tsami yana wajen 2. Nono mai tsami yana wajen 4. Jinin mutum ya ɗan ɗara 7. Ruwan kanwa yana wajen 10. Soda tana kaiwa 13 ko 14. Tsakanin lamba da lamba ninki goma ne. Wato ƙasar da ke kan 5 ta ninka wadda ke kan 6 tsami har sau goma.

Gwaji da ruwan zoɓo

Ba sai da na'ura ake rarrabe gidajen nan biyu ba. Zoɓo ya isa. A jiƙa shi a ruwan zafi, a tace, kada a sa sukari ko kayan ƙamshi. A surka shi da ruwa har launin ya yi sauƙi. A zuba a kofi uku na gilashi.

A kofin farko a matsa lemon tsami. Jan zai ƙara haske. Na biyu a bar shi yadda yake, don gwadawa. A na uku a zuba ruwan kanwa kaɗan-kaɗan. Jan zai gushe, ruwan ya yi duhu, ya karkata zuwa kore. Sannan a matsa lemon tsami a wannan kofi na uku. Kumfa za ta taso, jan ya dawo. Kada a gwada da ruwan batir ko soda, kada kuma a ɗanɗana abin da ba a sani ba.

Yadda kanwa ke fitowa a fadama

Kogin Haɗeja daga kogin Kano da kogin Challawa yake samun ruwansa. Yakan biyo ta Wudil da Ringim, ya wuce Auyo da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru. Ruwan kogi da na rijiya suna ɗauke da gishiri iri-iri da ya narke a ciki. Kaɗan ne, harshe ba ya jin sa. Amma rana ruwa kaɗai take ɗauka, gishirin a gona yake zama.

A da, ambaliyar kowace damina takan rufe fadama, ta wanke abin da ya taru. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Daga nan tafiyar ruwan ta sake. Ambaliya ta ragu a waɗansu wurare, noman ban-ruwa kuma ya ƙaru, musamman a filayen da ke shan ruwa daga madatsar da ke kusa da Auyo. A waɗansu wuraren kuma ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ya kwanta ba ya tafiya.

Inda ruwa ya kwanta kusa da fuskar ƙasa, yakan riƙa hawowa sama kamar yadda kananzir ke bin lagwani. In ya iso sama rana ta busar da shi, ya bar fari-farin nan. Wani farin gishiri ne kawai. Wani kuwa kanwa ce sosai. A kankaro shi a matsa masa lemon tsami: in ya yi kumfa, akwai dangin kanwa a ciki.

Yawancin amfanin gona sun fi son ƙasar da ke tsakanin 6 da 7 a ma'aunin pH. Idan ta haura 8 da rabi, saiwa ba ta iya jan abincin da ke cikin ƙasa, ko da an zuba taki. Sodiyam kuma yakan sa laka ta cushe. In ta jiƙe ta yi santsi, ruwa ya ƙi shiga. In ta bushe ta yi tauri kamar daɓe.

Gyaran irin wannan gona da magudana yake farawa. Sai an buɗe wa ruwa hanyar fita, sannan ban-ruwa zai wanke gishirin ya tafi da shi. A yawaita takin gida da ɓuntun shinkafa, don ƙasa ta saki. A rufe ƙasa da ciyawa ko kara, don rana ta rage jan ruwa. Akwai wani farin gari mai suna jifsam da ke ture sodiyam daga jikin laka. Malamin gona ne zai faɗi adadin da ya dace. Abin da ba a yi shi ne zuba toka ko farar ƙasa. Su 'yan gidan kanwa ne, ƙara ciwon za su yi.

Gonar tudu mai yashi kuwa akasin haka take. Idan aka shekara da shekaru ana zuba mata yuriya ba takin gida, takan koma tsami a hankali. A nan toka da farar ƙasa magani ne. Ashe abin da ya gyara gonar tudu shi ne zai ɓata ta fadama. Don haka kafin a kashe kuɗi, a nemi malaman gona su auna ƙasar.

Karanta buhun taki

A jikin buhun kamfa akwai baƙaƙe uku, N da P da K. Alamun sinadari tilo ne guda uku. N naitirojin ne, mai sa ganye ya yi kore shar. P fosfaras ne, mai ƙarfafa saiwa. K fotasiyam ne, mai ƙarfafa kara da ƙwaya. Lambobin da ke biye, kamar 15-15-15, su ne ma'aunin kowanne. Lambar farko tana nufin kashi 15 cikin 100 naitirojin ne. A buhu mai kilo 50, kilo 7 da rabi ke nan. A buhun yuriya an rubuta 46. Wato a kilo 50 akwai naitirojin kilo 23, amma babu P, babu K. Sufa kuwa na fosfaras ne.

Yuriya tana da wani hali da ya kamata a sani. Idan aka watsa ta a bisa ƙasa aka bar ta, naitirojin ɗinta yakan koma wata iska mai suna amoniya, ya gudu. Warinta irin na garken dabbobi ne mai hawa kai. Gudun ya fi tsanani a ƙasa mai kanwa, da kuma lokacin zafi. Haka ma in an gauraya ta da toka ko farar ƙasa. Dabara ita ce a tona rami kaɗan a gefen shuka, a sa takin, a rufe da ƙasa mai danshi. Wanda ya watsa ya tafi, iska ya ciyar da wani kaso na kuɗinsa.

Wani kuskure kuma: a Turancin kasuwa ana kiran kanwa fotash, sai waɗansu su zaci taki ce. Ba taki ba ce. Abin da ya fi yawa a cikinta sodiyam ne. Tokar kara da ta itace su ne ke da fotasiyam.

Kanwa a jikin mutum

Mai ƙwannafi in ya sha ruwan kanwa yakan ji sauƙi, domin ta kashe ƙarfin asid ɗin tumbi. Amma sauƙin na ɗan lokaci ne, ba ta warkar da gyambon ciki. Sodiyam ɗin da ke cikinta shi ne na cikin gishiri. In ya yi yawa yakan tara ruwa a jiki, ya hau da jini, ya ɗora wa zuciya kaya.

A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego. Sun danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Don haka a sassauta hannu wajen sa wa mai jego kanwa. Idan ƙafafunta suka kumbura, ko tana haki, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune, a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba. Mai hawan jini da mai ciwon ƙoda su ma su yi nesa da ita.

Hattara da masu zafi

Masu cajin batir da mata masu yin sabulu suna aiki da mafi zafin gidajen nan biyu. Ga abin da za a kiyaye:

1. Kada a zuba ruwan batir ko ruwan soda a kwalbar lemo ko kofin sha. Yaro zai zaci ruwa ne. A rubuta suna a jiki, a ajiye inda hannunsa ba ya kai.

2. Soda ake zubawa cikin ruwa, kaɗan-kaɗan. In aka zuba ruwa a kan soda yakan tafasa ya fantsama. A yi aikin a fili, da safar hannu.

3. Kada a jiƙa soda a tukunyar alminiyam, tana cin ta. A yi amfani da roba mai kauri.

4. In ya zuba a fata ko ido, a cire tufar da ya taɓa, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 20. Kada a tsaya neman kanwa ko tsamiya don a kashe ƙarfinsa. Haɗuwarsu tana fid da zafi, ƙunar ta ƙaru.

5. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin zai sake ƙona maƙogwaro wajen fitowa. Kada a ɗura masa manja ko kanwa ko tsamiya. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Haɗeja, a tafi da kwalbar don likita ya gani.

Abin tunawa

Tsamiya da kanwa kowace tana da ranarta. Gwanar tuya ba ta zuba kanwa sai ta ɗanɗana ƙullu. Manomi ma kada ya zuba toka ko taki sai ya san halin ƙasarsa, ya kuma karanta abin da ke jikin buhu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin haɗaɗɗen sinadari da cakuda?
2. Wane launi ruwan zoɓo ke komawa in an zuba masa ruwan kanwa?
3. Kilo nawa na naitirojin ke cikin buhun yuriya mai kilo 50?
4. Don me ba a zuba toka a gonar da kanwa ta fito?
5. Me za a fara yi in ruwan batir ya shiga ido?